Kwana biyu a ƙaramin garin karkara: me za a yi?

Ka ce za ka yi kwana biyu a wani ƙaramin gari, kana tsoron zama zai ishe ka. Kwantar da hankalinka.

Fara da tambayar ranar kasuwa, ka daidaita zuwanka da ita, don ranar ce masu sana'ar hannu ke fito da kayansu. Wuraren tarihi kuwa dattawa za ka tambaya, yawancinsu ba sa cikin taswira.

In akwai dutse ko rafi kusa, yi sammako da rufaffen takalmi da ruwa lita 2. Kada ka shiga rafi da damina: ruwan da aka yi can nesa yana iya taho da ambaliya farat ɗaya.

Amma don Allah kada kallon sama da dare ya wuce ka. Zaɓi daren da babu farin wata, ka yi nesa da fitilu, ka ajiye waya. Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, hasken waya kuma yana mayar da hannun agogo baya. In ka jure, za ka ga taurari sun yi dogon layi fari kamar hayaƙi.

Sauke taswira tun daga gida, ka riƙe tsabar kuɗi, don sabis yakan ɗauke.