Amsa: Kumbar kogi da gubar radiyeshan

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne kumbar kogi, wannan halitta mai ɓawo biyu da yara ke tonowa a yashin Kogin Kaduna idan ruwa ya janye, tana tara sinadarai masu fitar da radiyeshan, wato tururin da ido ba ya gani mai iya cutar da jiki. Gaskiya ne, in dai akwai su a ruwan.

Kumba ba ta yawo. Tana kafe wuri guda shekara da shekaru, tana tace ruwa don samun abinci. Ɓawonta da sinadarin kalsiyam take gina shi, su kuwa radiyam da istirontiyam-90, biyu daga cikin masu fitar da radiyeshan ɗin, kama suke da kalsiyam, jikinta ba ya bambancewa. Sai ta kwashe su, wani ya shiga ɓawo, wani tsoka. Radiyam-226 sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, istirontiyam-90 kimanin shekara 29. Tafasa kumbar ba ya kashe waɗannan sinadarai, domin ba ƙwayoyin cuta ba ne.

A Amurka, masana Jami'ar Penn State sun samu radiyam a jikin kumbar Kogin Allegheny, ƙasa da inda aka daɗe ana zubar da ruwan dattin haƙar mai da gas.

Mu nan, abin lura shi ne kogin namu daga tsaunukan Jos ya taso, inda tarkacen haƙar kuza ke ɗauke da toriyam da yuraniyam, su ma masu fitar da radiyeshan ne. Wannan ba hujja ba ce cewa kumbarmu ta gurɓace, ido ba ya gani, sai awo. Cibiyar binciken makamashi ta ABU Zariya na da na'urorin irin wannan gwaji, ga ta nan kusa da mu.