Bitar Bayoloji Kafin Jarrabawar Shiga Likitanci: Me Za a Saya, Me Za a Bari?

Malam, wata huɗu suka rage mini in zauna jarrabawar shiga karatun likita. Littafin bayoloji na sakandare kaɗai gare ni. An ce in sayi Campbell Biology, amma sabon bugu ya fi ƙarfina. Na ga tsohon bugu na hannu, in saya? (Wata ɗaliba)

'Yata, kafin ki fitar da ko sisi, nemo jerin batutuwan da hukumar jarrabawar ta fitar, haɗe da tambayoyin shekarun baya. Su za su gaya miki littafin da ya dace, domin jarrabawowin nan ba iri ɗaya ba ne. A NEET ta Indiya, rabin maki gaba ɗaya, 360 cikin 720, na bayoloji ne, kuma har da ilimin tsirrai a ciki. MCAT ta Amurka da Kanada kuwa takan ba ɗalibi bayanin wani gwaji ne ya karanta, sannan ta nemi ya fito da ma'anar sakamakon. Wanda ya yi shirin ɗaya ya shiga ɗaya, zai sha mamaki.

Campbell littafi ne mai kyau, amma ya haura shafi 1,000, kuma domin 'yan shekarar farko a jami'a aka rubuta shi. Duk wanda ya ce miki zai karance shi daga bango zuwa bango cikin wata huɗu, ya kuma yi atisayen tambayoyi, yana yaudarar kansa ne. Ki riƙe littafinki na sakandare a matsayin ginshiƙi, babban kuma ki riƙa buɗe shi inda ƙaramin ya gajarta bayani.

Tsohon bugu ya wadatar. Dokokin gado da Mendel ya wallafa a 1866 suna nan yadda suke, haka siffar DNA da Watson da Crick suka bayyana a 1953. Wuri biyu dai za ki sa ido. Littattafan da suka kwana biyu sukan ce ƙwayar gulukos (sukarin da jiki ke ƙonawa) ɗaya na samar da ATP, wato sinadarin da ke ɗauke da kuzari a ƙwayar halitta, guda 36 zuwa 38, na yanzu kuma sun fi cewa 30 zuwa 32. Sai kuma rabe-raben halittu: akwai tsarin masarautu biyar na Whittaker na 1969, akwai na manyan rukunai uku da Woese ya gabatar a 1990. A nan ki bi abin da jerin batutuwanku ya ɗauka, ba zauren jarrabawa ne wurin gardama ba. In ma kuɗin na hannun ya gagara, OpenStax na Jami'ar Rice na da littafin bayoloji na wannan mataki da ake saukewa kyauta a intanet.

Yarona yana so in saya masa madubin likita, wato maikuroskof, in kuma biya masa darasin share fage. Ɗaya kawai zan iya. Wanne ya fi? (Wani mahaifi)

Alhaji, madubin ya jira. Jarrabawar ta takarda ce ko ta kwamfuta, kuma hotunan ƙwayoyin halitta da ke cikin littafi sun fi abin da madubi mai araha zai nuna masa fitowa sarai.

Shi ma darasin kada ka yi gaggawar biya. Ka sa shi ya amsa tambayoyin shekara ɗaya cikakku, da agogo a gabansa, littafi a rufe. Sannan ku zauna ku duba inda ya faɗi. In kurakuran sun warwatsu ko'ina, ƙarancin karatu ne, kuma babu malamin da zai karanta masa. In sun taru wuri ɗaya ko biyu (galibi lissafin gado ne da yadda ƙwayar halitta ke samar da kuzari), to malami zai yi amfani, a kan waɗannan kaɗai. Ka tambayi masu darasin: suna ba da tambayoyi su duba aikin kowane yaro, ko kuwa malami ne ke ta zuba, yara na kwafa? Yawan ɗalibai da ƙyalƙyalin talla kada su ruɗe ka, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga gwajin da za ka yi masa yau. Uwa AS, uba AS, ɗansu na fari ya zo da sikila, wato SS. Na biyu fa? In ya ce ai ɗaya cikin huɗu ne ke zuwa da SS, don haka sauran ukun sun tsira, hadda ya yi. Kowane ciki da nasa lissafin, kashi 25 cikin 100, komai ya faru a cikin da ya gabata.

Ina karatu sosai, amma bayan mako guda sai in ji kamar ban taɓa gani ba. In sayi katunan hadda da ake sayarwa? (Wani ɗalibi)

Ɗana, ba kai kaɗai ba ne. Tun 1885 Ebbinghaus, wani masani ɗan Jamus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan karatu, daga baya take lafawa. Maganinta shi ne ka tilasta wa kanka tuno abu ba tare da dubawa ba, gobe, bayan kwana uku, bayan mako, kana ƙara tazara. Manhajar Anki wannan aikin take yi, kuma kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, a iPhone ne ake biya.

Ni dai na fi son ka rubuta katunanka da kanka, daga tambayoyin da ka faɗi. Na sayarwa sukan cika da "mene ne kaza". Sanin cewa mutum na da kuromosom (zaren da ke ɗauke da bayanan gado a ƙwayar halitta) 46 ba zai kai ka ko'ina ba. Katin ƙwarai cewa zai yi: me ya sa maniyyi da ƙwan mace ke ɗauke da 23 kacal, kuma wace irin rabuwar ƙwayar halitta ce ke rage adadin? Abubuwa masu zagaye kuwa ba sa zama a kati. Ɗauki farar takarda ka zana tafiyar jini daga ka: ɓangaren dama na zuciya zuwa huhu, daga huhu zuwa ɓangaren hagu, sannan jiki. Inda alƙalaminka ya tsaya, can za ka buɗe littafi.

Tunda likita zan zama, zan iya tsallake tsirrai da ilimin muhalli? (Wata ɗaliba)

In suna cikin jerin batutuwanku, a'a, 'yata. Makin tambayar ganye daidai yake da na tambayar ƙoda, kuma sau da yawa ta fi sauƙi. Ki karanta yadda tsiro ke haɗa gulukos da hasken rana a rana ɗaya da yadda jiki ke ƙona shi, domin abin da ɗaya ke fitarwa shi ɗayan ke ɗauka. Ilimin muhalli kuma ki bar shi zuwa makonnin ƙarshe, bai da wuyar kamawa.