Me Ya Sa Kifayen Etelis Suke Ja?

Ka tambayi dalilin da ya sa kifayen Etelis, waɗanda ake kamawa a zurfin tekunan yankunan zafi, suke da jan launi, alhali kana ganin launin zai tona musu asiri ga manyan kifaye.

Kifayen nan 'yan dangin Lutjanidae ne, kuma galibi suna zaune ne kusa da duwatsun ƙarƙashin teku, a zurfin mita 100 zuwa 400, a tekun Indiya da Fasifik, sai wani nau'i guda, Etelis oculatus, da ke yammacin Atlantika. Ruwa yana shanye jan haske tun a mitoci kaɗan na sama, shuɗin haske ne kawai yake ratsawa zuwa ƙasa, saboda haka kifin da muke gani ja wur a hannun masunci, can inda yake rayuwa duhu-duhu yake, da ƙyar ake hango shi. Wato launin da ka ɗauka tonon asiri ne, shi ne rufin asirinsa. Manyan idanunsu kuwa suna taimaka musu wajen farautar ƙananan kifaye da jatanlande cikin wannan ƙarancin haske.

Abin da ya fi damuna game da su shi ne jinkirin girmansu, domin wasu suna kai shekaru da dama a raye, kuma idan aka jawo su sama da sauri, jakar iskar da ke cikinsu takan kumbura, har ya zama ko an mayar da su ruwa da wuya su rayu.