Zakaran Faransawa da tukunyar gidanmu a Lyon

Yaya, saƙonki ya iso, na kuma gane inda kika dosa. Wai an faɗa miki a Maraɗi duk wanda ya auri Bafaranshiya sai ya ci kazar da aka dafa da giya. To abincin akwai shi, ba ƙarya aka yi miki ba. Suna ce masa coq au vin, kuma yankin Burgoñ, inda dangin matata suke, ya fi ko'ina suna a kansa.

Asalinsa girkin manoma ne. Tsohon zakara da ya gama aikinsa a garke namansa kamar igiya yake, sai a yanyanka shi a jiƙa cikin jar giyar inabi da karas da albasa da ganyen ƙamshi ya kwana. Washegari a soya shi da kitsen alade, a barbaɗa fulawa, a mayar da giyar, a rufe tukunyar ƙarfe a bar ta kan wuta kaɗan-kaɗan awa biyu ko uku, sannan a zuba ƙananan albasa da lemar kwaɗi irin wadda suke nomawa don ci. A da har jinin zakaran suke sawa don romon ya yi kauri. Kin ga haram uku a tukunya ɗaya, ban da maganar yanka.

Surukata takan ce ai giyar tana ƙonewa a wuta. Ba ta ƙonewa duka, kuma ko da ta ƙone, aladen fa? Shekarar farko ta ji haushi sosai, don a wurinta ƙin cin wannan girki ƙin mahaifiyarta ce da ta koya mata. Ban yi mata wa'azi ba, na dai ci dankali da salak na yi godiya. Yanzu in za mu je ita ke cewa mu taho da nama daga mahautan halal na unguwar Guillotière, har tukunya ta ware mana.

Namu na gida kuwa matata ce ta ƙirƙiro shi. Zoɓo take jiƙawa ya yi ja sosai, ta haɗa da ruwan inabi marar giya da ɗan ruwan khal, maimakon alade ta sa naman talotalo mai hayaƙi. Ni ke ƙara daddawa da yaji in ta juya baya. Ƙanenta ya ce wannan ba girkin Faransa ba ne, ni ma ban ce na Hausa ba ne, amma ba a taɓa barin saura ba.

Abin da ya yi mini zafi shi ne da kika ce ko har yanzu muna Hausawa. Yaya, Baba ya yi shekaru yana fatauci a Kumasi, ya dawo yana cin dokunu da hannu bibbiyu, wa ya taɓa cire shi daga Hausawa? A nan in an yi haihuwa muna taruwa ran suna, 'yan Damagaram da 'yan Tawa da mutanen Kano, a yanka rago a yi tuwo da miyar kuka. Juma'a muna babban masallacin Lyon, wanda aka buɗe tun 1994. Matata tana azumi tare da mu, ba wanda ya tilasta mata.

Yaran dai Hausarsu da Faransanci a cakuɗe take, wannan ba zan musa ba. Amma in mun zo gida suka durƙusa suka gaishe ku, sai ku fashe da dariya kuna ce musu 'ya'yan nasara. Babbar ta daina buɗe baki a gabanku saboda haka, a ɗaki take yi mini Hausa. In Allah ya kawo mu hutun bana, ki ja kunnen su Goggo tun kafin mu sauka.