Yaya Zan Kare Aikin Gini Daga Tsayawa a Hanya?

Tambaya: An ɗora mini kula da ginin wata makaranta, kuma ina fargabar kuɗi su ƙare kafin a kammala. Me zan yi tun yanzu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, fara da rubuta duk abin da zai iya kawo cikas, kamar tashin farashin siminti, damina, ko jinkirin biyan ɗan kwangila, sannan ka sa sunan wanda zai sa ido a kan kowanne. Babban kuskure shi ne aza harsashi kafin a gama zane. Haka ya faru da gidan wasannin Opera na Sidni a Ostireliya, wanda aka fara a 1959 ba a warware yadda rufinsa zai tsaya ba, ya sa ba a buɗe shi ba sai 1973, kuɗinsa kuma suka tashi daga dalar Ostireliya miliyan 7 zuwa miliyan 102. Masana a yau sun fi son a raba aiki zango-zango, a sake duba lissafi bayan kowane zango. Ka kuma ware kuɗin ko-ta-kwana waɗanda ba za a taɓa ba sai da amincewar kwamiti.