Tsohon faifan Miles Davis da na waya: wanne ne na ainihi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kawuna yana da tsohon faifan garmaho na Kind of Blue na Miles Davis, yana ji da shi kamar ƙwai a cokali. Kullum cewa yake wanda nake saurara a waya an taɓa shi, nasa ne na ainihi. Ni kuma na lura na faifan kamar ya ɗan fi sauri. Wa ke da gaskiya? Kuma me ya sa masoya jazz ba sa gajiya da zancen wannan kundi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kunnenka bai yaudare ka ba, kawu ma bai yi ƙarya ba. An taɓa shi, sai dai taɓawar ta gyara ce.

An naɗi wannan kundi na Miles Davis, Ba'amurken mai busa ƙahon jazz, a zama biyu, ranar 2 ga Maris da 22 ga Afrilun 1959, a ɗakin naɗa na kamfanin Columbia da ke titi na 30 a birnin New York, wanda tsohuwar majami'a ce aka mayar wurin ɗaukar sauti. A zaman farko na'urar da ke jan tef ta ɗan yi nawa. Tef ɗin da aka naɗa da nawa kuwa, in aka kunna shi da gudun da ya kamata, sai kiɗan ya ƙara sauri, muryarsa ta ɗan ɗaga sama. Abin ya shafi kiɗa ukun da ke fuskar farko ta faifan sitiriyo (mai raba sauti hagu da dama): So What, da Freddie Freeloader, da Blue in Green. Haka duniya ta yi ta saurara fiye da shekara 30. Masu koyon busa da ke bin faifan da ƙahonsu su suka fi jin jiki, don sai su ji kayansu ba ya haɗuwa da na Miles, su yi ta zargin kansu. Sai a 1992 aka fitar da bugun da ya mayar da gudun daidai. Saboda haka na wayarka ya fi kusa da abin da aka busa a ɗakin ran nan.

Amma kada ka tafi wa kawu da wannan kamar ka ci shari'a. Wanda ya shekara 40 yana ɗora allura a kan faifai, ya saba da ƙaras-ƙaras ɗin da ke zuwa kafin fiyano ya shigo, ba gardamar na'ura yake yi da kai ba, ƙuruciyarsa yake karewa.

Dalilin yawan zancen kundin kuwa, a ganina, sarari ne. Kafin nan jazz ɗin da ake yayi, wato bibop, tsere ne: ginshiƙin kiɗan yana sauyawa kusan kowane taku, mai busa yana binsa a guje. Miles ya ce a rage kaya. A So What sikeli biyu ne kacal, wato jerin sautukan da mai busa ke zaɓa daga ciki: a zauna kan ɗaya na gaɓa 16 (gaɓa ita ce ma'aunin tsawon kiɗa), a ɗaga kaɗan na gaɓa 8, a dawo gida na gaɓa 8. Shi ke nan. Da aka bar fili, sai halin kowa ya fito. Sa abin sauraro a kunne ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Paul Chambers ne ke jefa tambaya da bas, babban kayan kiɗan tsirkiya mai kaurin murya, sauran su amsa da sauti biyu. Jimmy Cobb ya daki farantin ƙarfen gangunansa sau ɗaya, Miles ya shigo yana magana kaɗan-kaɗan kamar dattijon da ba ya son maimaita zance. John Coltrane, mai busa saksofon, ya biyo baya kamar mai haƙar rijiya, yana tono wuri ɗaya. Cannonball Adderley kuma, shi ma mai saksofon, da fara'arsa ya zo.

Za ka ji masoya suna cewa duk a ɗauka ɗaya aka yi. Da ɗan gishiri a maganar. An yi ta farawa ana tsayawa, kuma Flamenco Sketches, kiɗan ƙarshe a kundin, sau biyu aka kai shi ƙarshe. Akwai ma rigimar da ba ta mutu ba kan Blue in Green: sunan Miles ke jikin faifan a matsayin wanda ya tsara shi, amma Bill Evans, mai fiyano, ya ce shi ya tsara. Ni dai duk sanda na saurara, hannun Evans nake ji.

In kana son ganin inda wannan salon barin sarari ya fara tsiro, nemi fim ɗin Faransa na darakta Louis Malle, Ascenseur pour l'échafaud, na 1958. A Disambar 1957 Miles ya shiga ɗakin naɗa a Paris cikin dare, aka riƙa haska masa sassan fim ɗin, shi da abokan kiɗansa huɗu suna busawa nan take. Akwai wurin da jarumar fim ɗin, Jeanne Moreau, ke yawo a titi da dare tana neman masoyinta, ƙahon yana biye da ita a hankali. Wannan ku kalla tare da kawu, ka kuma roƙe shi ya juya maka faifan zuwa fuska ta biyu. All Blues da Flamenco Sketches na zaman Afrilu ne, gudunsu daidai yake tun asali.