'Yata ta iya ninkaya, kocinta ya ce ruwa zai kai ta jami'a

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Muna zaune a Agege, maigidana yana harkar shanu a Abbatuwa. 'Yata ta biyu shekararta 13, tana aji uku na ƙaramar sakandare. Makarantarsu na kai su ninkaya ranar Asabar, har ta zo ta ɗaya a gasar makarantu. Kocinta ya ce in ta dage za ta iya samun karatu kyauta a Amurka. Babanta ya ce romon baka ne, kakarta kuma ta ce 'ya mace ba ta shiga ruwa a gaban jama'a. Ni tsorona kada karatun ya lalace. Me zan yi? Daga wata uwa a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana ita. Kocin bai yi ƙarya ba, hanyar tana nan, har akwai 'yar Afirka da ta bi ta. Kirsty Coventry a Harare, babban birnin Zimbabuwe, aka haife ta a 1983, ƙasar da ba a san ta da ninkaya ba. Jami'ar Auburn ta jihar Alabama ce ta ɗauke ta, tana ɗaliba ta je Olamfik na Atens a 2004 ta ci zinare a tseren rigingine na mita 200, ta haɗa da azurfa da tagulla. A Beijin a 2008 ta sake cin zinaren nan da azurfa uku. Ta kammala digirinta, ta riƙe ministar wasanni a Zimbabuwe, kuma a watan Maris na 2025 aka zaɓe ta shugabar kwamitin Olamfik na duniya, mace ta farko kuma ta farko daga Afirka. Farida Osman ta Masar ma a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta yi karatu, ta ci tagulla a gasar duniya a 2017.

Dalilin da jami'o'in Amurka ke neman 'yan mata shi ne wata doka ta 1972 da ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya fifita maza a kan mata, har a wasanni. Tun daga nan guraben mata suka yawaita.

To amma Hajiya, ga inda nake so ki nutsu. A ninkaya ba a tambayar wa ta zo ta ɗaya a Legas, agogo ake tambaya. Abiola Ogunbanwo ta yi mita 100 cikin daƙiƙa 59.74 a Olamfik na Tokyo a 2021, ita ce 'yar Najeriya ta farko da ta sauko ƙasa da minti ɗaya, kuma mun yi murna ƙwarai. Simone Manuel, ɗalibar jami'ar Stanford, da 52.70 ta ci zinaren wannan tsere a Rio a 2016. Daƙiƙa bakwai ke nan tsakaninsu, kuma a cikin ruwa tazara ce ta mita goma da wani abu. Ban faɗi haka don in karya miki gwiwa ba. Jami'o'in can hawa uku ne a tsarin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka: hawa na farko da na biyu suna ba da tallafin wasa, galibi wani kaso na kuɗin makaranta ba duka ba, hawa na uku kuwa ba ya ba da tallafin wasa sam, sai dai na ƙoƙarin karatu ko na rashin hali. Yarinyar da ke da lokaci mai kyau da sakamako mai kyau tana da ƙofa biyu. Wadda ta saki littafi ta kama ruwa kaɗai, in kafaɗarta ta samu rauni, shi ke nan.

Shi ya sa tsoronki ne ya fi burge ni a wasiƙar nan. Hukumar tana duba takardun ɗalibi tun daga shekara ta tara a makaranta, wato ajin da 'yarki take yanzu. Ki adana kowane sakamakon zango, ki sa ido kan lissafi da Turanci da kimiyya. Bayan an shiga ma, wadda makinta ya faɗi ana dakatar da ita daga gasa. Katie Ledecky da ta ci zinare a Landan tana 'yar shekara 15 sai da ta zauna aji a Stanford ta gama digiri a ilimin halayyar ɗan Adam.

Horon Asabar kaɗai ba zai isa ba. Masu neman wannan matsayi suna shiga ruwa kusan kullum, wasu tun bayan asuba. Tafkin mita 50 yana filin wasa na ƙasa a Surulere, kuma kin san abin da cunkoson hanyar Agege zuwa can yake ci na lokaci da kuɗin mota. Ku zauna da Alhaji ku yi wannan lissafi tun yanzu, ku kuma nemi kulob mai rajista da ya fi kusa, don lokacin da aka ɗauka a gasar da hukuma ta amince da ita shi kaɗai ake karɓa. Duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi ya samo mata gurbi, ku rufe masa ƙofa. Kociyoyin jami'a ana rubuta musu kai tsaye.

Maganar Inna kuwa kada a yi mata gatsali, tana da hujja. Akwai rigar ninkaya mai rufe jiki da kai, ana samunta a Legas, kuma ta wadatar wajen horo. Matsalar tana manyan gasanni, inda dokar hukumar ninkaya ta duniya ta ce rigar mace kada ta rufe wuya, kada ta wuce kafaɗa ko gwiwa. Ingila ta sassauta wannan a gasanninta na cikin gida a 2017 saboda masu addini. Wannan hukunci naku ne ku iyaye da malaminku, kuma ita yarinyar a ji ta bakinta. Ni dai ba zan so a raba ta da ruwa gaba ɗaya ba. A garin da ake hawa kwalekwale daga Ikorodu zuwa Island, iya ninkaya tsaron rai ne, kuma 'yan matanmu kaɗan ne suka iya.

Asabar mai zuwa ki bi ta da kanki. Ki ga wurin canza kaya, ki ga ko akwai mace cikin masu kula da su, sannan ki ce wa kocin ya rubuta miki lokacinta a mita 50 da mita 100. Bayan wata shida ya sake rubutawa, ki aiko min duka biyun tare da sakamakon zangonta.